Abin da tarihin Mencap ya koya mini

Da malaminmu ya raba mana aikin bincike a darasin koyar da yara masu buƙata ta musamman, ni tarihin Mencap ne ya faɗo a kaina, wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya mai tallafa wa masu jinkirin fahimta. Raina bai so ba. Na zaci shekaru da sunayen shugabanni zan jero in miƙa, a ba ni makina.

Ashe ba attajiri ne ya kafa ta ba, ba kuma likita ba. Wata uwa ce, Judy Fryd, wadda 'yarta ta rasa makarantar da za ta riƙe ta. A 1946 ta aika wasiƙa zuwa mujallar Nursery World tana cigiyar iyayen da ke cikin hali irin nata, amsoshi suka yi ta zuwa, daga nan aka ƙulla ƙungiya. Sunanta na farko ma yau ba ya faɗuwa, don ma'anarsa ƙungiyar iyayen yaran da suka ci baya. Iyayen ba su da wata kalma sai wadda zamaninsu ya ba su.

Dokar ilimi ta 1944 ta ba hukuma damar ta yanke cewa yaro ba ya koyuwa, shi ke nan ya fita daga lissafin makaranta ya koma hannun hukumar lafiya. Sai da aka yi wata doka a 1970 kafin a soke wannan tambari a Ingila da Wales. Shekara ashirin da shida ke nan.

Inda na daɗe ina juyawa shi ne gwajin Brooklands da ƙungiyar ta fara a 1958. Jack Tizard, masanin halayyar ɗan Adam, ya ɗauko yara 16 daga asibitin Fountain da ke Landan ya kai su wani gida mai suna Brooklands, inda aka riƙe su kamar 'ya'yan gida ɗaya: wasa, hira, masu reno da suka san kowa da halinsa. Bayan shekara biyu sun zarce takwarorinsu da aka bari a asibiti wajen magana da mu'amala. Ba wani magani aka gano ba. Wurin zama aka sauya musu, da irin idon da ake kallonsu da shi.

Wannan ya biyo ni har ajin da aka tura ni gwajin koyarwa. Akwai wani yaro a kujerar baya wanda bai taɓa kwafar komai daga allo ba. Malamar ajin, ba da mugunta ba, ta ce mini, "Ƙyale shi, kansa ba ya ja." Ni ma har na rubuta a littafina cewa ba ya ganewa.

Ran nan da aka fita tara na zauna kusa da shi, na zube murafan kwalba a kan tebur, na ce ya ba ni huɗu. Ya daɗe yana kallonsu, har na fara jin kunyar tambayar. Can sai ya turo su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi, ya tsaya daidai a huɗu. Na ce ƙara biyu. Ya ƙara, ya ɗago ya ce, "Shida."

Da yamma na soke abin da na rubuta a kansa. A ƙasa na sa: yana ƙirga abin da hannunsa ya taɓa, yana bukatar a jira shi, gobe a dawo da kujerarsa gaba.