Kyamara gado ce a gidanmu

A gidanmu da ke Birni, nan Damagaram, hoto sana'ar gado ce. Kakana da akwatin nan mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle ya yi tasa sana'ar. Baba ya fara da haska fim a gidan sinima, da bidiyo ya shigo kuma ya sayi kyamarar kafaɗa yana ɗaukar biki da naɗin sarauta. Ni na kama fim ɗin gaskiya, wanda babu ɗan wasa a cikinsa, babu zancen da aka rubuta aka haddace, sai mutane da rayuwarsu yadda Allah ya yi ta. Yau ina da ɗan kamfanina, da yara masu taya ni ɗauka da montaj, wato yankawa da haɗa abin da aka ɗauka.

Baba bai ba ni kyamara da wuri ba. Jakar batir na fara ɗauka, sai naɗe waya, sai riƙe sandar makirfo har hannuna ya sage. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai yaro, wanda bai iya saurare ba me zai nuna wa mutane?" A wurinsa na fara jin sunan Umaru Ganda, wanda ya ciwo wa Nijar babbar kyautar Fespaco, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, da Mustafa Alasan mai fim ɗin zane, da Jean Rouch, Bafaranshen da ya ƙare rayuwarsa a ƙasar nan a 2004. Yana faɗin sunayensu ne don in san ba daga sama sana'ar ta faɗo mana ba.

Aikin sautin nan kuwa shi ne har gobe yake raba mu da masu kwaikwayo. Ku je ƙofar fada ranar hawan Sallah. Kakaki na tashi, algaita na bi, ga tambari, ga bindigogi, ga kofaton dawaki, maroƙi kuma na can gefe yana zuba kirari. Wanda ya ɗaga talho ya ɗauki wannan, abin da zai kai gida hayaniya ce kawai. Mu makirfo biyu muke kafawa. Ɗaya nesa kaɗan, a rage masa ƙarfi, don kada kakaki ya fasa sautin. Ɗaya kuma yaro na riƙe da shi kusa da bakin maroƙi, an sa masa rigar gashi saboda iska, domin a cikin kirarin nan sunayen sarakuna suke, tun daga kan su Tanimun da ya gina ganuwa. In kalma guda ta ɓace, tarihi ne ya ɓace. Ga kuma ƙura. Lokacin hunturu ba mu canza gilashin kyamara a fili, kuma duk yaron da na ga ya goge shi da bakin riga, ranar ya gama taɓa kaya.

Amma sai mutum ya zo ya ce, "Malam, ai yaron maƙwabcina da talho zai yi mini a jaka biyar." Sai in ce, "Alhaji, Allah ya ba da sa'a." Ba na jayayya. Abin da ke ci mini rai, irin waɗannan ne ke dawowa bayan an watse da hoto mai rawa da maganar da ba a ji, wai in gyara. Naɗin sarauta sau ɗaya ake yin sa. Abin da ba a ɗauka ba ranar, babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Aikin da na fi alfahari da shi na majema ne. Da farko ban kai kyamara ba sam. Zuwa nake in gaishe su, in zauna, in sha shayi, ina kallon yadda ake jiƙa fatar akuya a ruwan toka, a kankare gashin, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, daga baya a rina ta ja da karan dafi. Sai da suka daina gyara zama in sun gan ni sannan na zo da kaya. Wani dattijo, yana cuɗa fata hannuwansa sun yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya fara ba ɗansa labarin yadda fatun Damagaram suke bin ayari su ƙetare sahara. Ba ni na tambaye shi ba. Kuma kafin kowa ya ga fim ɗin, su na fara haska wa a unguwarsu da dare, aka cire abin da suka ce a cire. Amana ce. Shi ya sa na ji daɗi ƙwarai da 'yar garin nan Aisha Macky ta fito da fim ɗinta kan samarin unguwar Kara-Kara a 2021, duniya ta kalla. Wanda ya san unguwar ya san ba da sauri ake shiga ta ba. Masu talho su wuni guda suke so su gama, su watsa a TikTok kafin magariba, ko izinin mai fuskar ba su nema ba.

Muna sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto, kuma in an yi Barbarci ko Fillanci a ciki, ɗan yaren muke nemowa ya zauna da mu, ba ma yin kame-kame. Kowane aiki kwafi biyu muke ajiyewa, a wuri biyu.

Yanzu na duƙufa kan tsofaffin kasat ɗin Baba ina juye su a kwamfuta, kuma ina karɓar na mutane. Zafi da ƙura suna cinye zaren kasat, wasu in ka buɗe har sun manne. Duk mai irinsu a ƙasan gado ko cikin adaka, na aure ne ko na saukar karatu ko na kokowa, ya kawo mu duba tun kafin zafin bazara ya ƙarasa su. Mai son a ɗauki taronsa kuma ya sanar da mu da wuri, domin sai mun je mun ga wurin, mun san inda rana za ta faɗo da inda makaɗa za su tsaya, kafin mu ce mun karɓa.