Jakar gero a cinyar ɗalibi

A aji uku na firamare da nake koyarwa akwai yara fiye da sittin ƙarƙashin rufin kwano marar silin, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan ɗaki da damina ya san yadda ruwa ke dukan kwano har malama ta kasa jin muryarta. Cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara takwas da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko dai yana karkaɗa ƙafa har benci ya girgiza, ko yana tauna wuyan rigarsa, idan kuwa hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunnuwansa ya shige ƙarƙashin tebur. An daɗe ana kiransa mai ƙiriniya, an gwada bulala da tsallen kwaɗo, abin sai ƙaruwa yake yi.

Mahaifiyarsa ce ta haska mini hanya ranar da na kira ta makaranta. Ta ce, "Malama, a gida idan ya rikice ba na yi masa faɗa, rungume shi nake yi in matse sosai, kamar lokacin da nake goya shi, sai ki ga ya yi laushi." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin kowace uwa ta san jariri mai kuka yakan yi shiru da zarar an ɗora shi a baya an tamke zani, ana ɗan jijjiga shi.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Wata ƙwararriya a Amurka mai suna Jean Ayres ta wallafa littafi a 1972 inda ta yi bayanin cewa ƙwaƙwalwar wasu yara tana wahala wajen tace saƙonnin da take samu daga ido, kunne da fata, har ma daga gaɓoɓi da cikin kunne, inda ake jin motsi da daidaiton jiki. Ƙarar da wani yaro ba ya ma lura da ita, ga wani tamkar ana sara masa kai ne. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai lalurar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin ƙara ko taɓi, tana budurwa ta ga yadda shanu ke natsuwa idan an matse su cikin wani keji a gonar gwaggonta da ke Arizona, sai ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki domin ta samu irin wannan natsuwa.

Ni ba ni da kuɗin sayen kayan natsar da irin waɗannan yara da ake tallatawa a intanet, don haka na duba abin da ke kusa da ni. Na sa tela ya ɗinka ƙaramar jaka ta atamfa, na zuba mata gero kusan rabin kwano, na ɗinke bakinta, na ɗora wa yaron a cinya lokacin darasin karatu. Na yanko roba daga tsohon tiyub na babur na ɗaure tsakanin ƙafafun bencinsa, yadda zai riƙa tura ta da ƙafa ba tare da ya girgiza abokan zamansa ba. Ga masu yawan wasa da yatsu, na ajiye 'ya'yan tsamiya da aka zura a zare cikin wani gwangwani, mai buƙata ya ɗauka ya riƙe a ƙarƙashin tebur. Haka nan idan na ga yaron ya fara tauna riga, nakan aike shi ya kai tarin littattafai ofishin shugabar makaranta, domin ɗaukar abu mai ɗan nauyi yana natsar da shi fiye da kowace tsawa.

Bai kamata a ɗauki waɗannan kaya a matsayin magani ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa hujjojin bincike kan wannan hanya ba su da yawa, ta kuma shawarci iyaye su gwada na wani lokaci su lura ko akwai sauyi. Na ga gaskiyar haka a ajina, domin wata yarinya da na ɗora wa jakar geron ta ture ta nan take, ita abin da take so shi ne a mayar da ita kusa da taga, nesa da cunkoso. Zaren tsamiyar ma sai da na kafa masa doka, cewa duk wanda ya ɗaga shi sama ya mai da shi abin wasa zai mayar da shi gwangwani, domin a makon farko ajin gaba ɗaya ya so ya koma wasa da shi.

Yaron har yanzu yana toshe kunne idan ruwan sama ya tsananta, amma ya daina shiga ƙarƙashin tebur. A makon jiya, da hadari ya haɗo, ya taso da kansa ya ce, "Malama, a ba ni jakata," ya koma ya zauna ya ƙarasa kwafe rubutun da ke kan allo.