Na kai kawu Balad da daddare, na dawo da shawara

Daren Alhamis ɗin nan bayan isha na ɗauki kawuna da ya zo umra daga Kano nace kawu yau ba zancen sayen akwati, zo muje ka ga Jidda ta asali. Shi a tunaninsa Jidda filin jirgi ce da kasuwa sai gidan cin kaji na Albaik, zuwansa na huɗu kenan amma bai taɓa taka cikin Balad ba, wato tsohon garin Jidda, iyakarsa shagunan bakin titi ya sayi darduma da turare ya koma mota.

Ta Bab Makka muka shiga. Ƙofar ce kawai a tsaye, ganuwar tun 1947 aka rushe ta da gari ya fara faɗi. Kawu ya tsaya yana kallo yace "yaro ai wannan kamar Ƙofar Mata ce da aka cinye mata badala", wallahi maganar ta zauna min a rai har yanzu.

Da rana Balad ba ta shiguwa saboda zafi da gumin teku, riga sai ta manne maka a baya, amma da dare lungunan nan iska na ratsa su, an kunna fitilu jikin gidaje, masu balila (dafaffen wake) da masu kibda (soyayyar hanta) sun fito, yara na guje-guje. Gidajen da dutsen murjani aka gina su wanda ake haƙowa a bakin Bahar Maliya, ana jera katako tsakanin sahun duwatsu don ya riƙe nauyi, shi yasa zaka ga gida hawa huɗu ko biyar ya ɗan karkace amma yana nan. Sai tagogin katakon nan da suke ce wa rawashin, sun turo kai waje an sassaƙa su ƙanana ƙanana, matar gida tana zaune a ciki iska na shigo mata tana ganin mai wucewa shi ko baya ganinta. Kawu yace to ai kunyar gidajenmu ce aka yi ta da katako.

Mun bi ta Suƙ Alawi har gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925 lokacin da Jidda ta shiga hannunsa. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, da can gidan da bishiyar ma ake kwatancensa saboda ƙarancin itace a garin. A gindinta muka zauna na sayo mana shayi, nan ne kawu ya fara bani labarin kakanmu wanda ni ban taɓa ji da wannan tsawon ba, yadda ya taso a ƙasa ta Barno ya ratsa Chadi ya shiga Sudan, yana tsayawa yana noma a gonakin mutane ya tara guzuri ya ƙara gaba, shekaru yana tafe kafin ya hau jirgin ruwa ya sauka nan Jidda. Yace ƙila ma ta lungun nan ya bi da ƙullin kayansa a ka. Daga nan yayi shiru, nima ban ce komai ba.

Tun zamanin Sayyidina Usman garin nan yake tashar masu zuwa Makka ta ruwa, da UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 ma sunan da aka rubuta kenan, ƙofar Makka. Mutanenmu suna cikin tarihin nan dumu-dumu, kaga Hausawi nawa ne a Hijaz, har tsirenmu ya zama siriya a bakin Larabawa. Amma duk rukunin da na gani daren nan ana zagayawa dasu, da Larabci ne ko Turanci. Ban ji ko mutum ɗaya yana yi wa alhazanmu bayani da Hausa ba, abin ya dame ni sosai.

Da muka dawo gida na kasa barci na kira ɗan yayar babata kan mu fara zagayawa da alhazanmu da Hausa, shi haifaffen nan ne yana da takardar ƙasa, ni kuwa igama (takardar zaman baƙo) gareni kuma aikina na shagon awon kaya ne, bazan yi wasa da doka ba. Zagayawa da baƙi sai da lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, don haka shi zai nema da sunansa, ni nawa tsara hanya da rubuta bayanin da Hausa mai daɗin ji. Nace yaya mu fara da kaɗan, mutum takwas zuwa goma, 'yan umra da suka rage kwana ɗaya ko biyu kafin jirginsu, tunda dama zaman otal suke yi. Awa biyu da rabi, daga Bab Makka zuwa masallacin Shafi'i mai tsohuwar hasumiya, a sha sobiya, a ƙare a gidan Nasif. Ina ganin riyal 50 kan kowa ya isa har da abin sha, shi yace 70 saboda kuɗin mota, bamu gama wannan ba tukuna.

Abin da nafi tunani shine dattawa da hajiyoyi masu ciwon gwiwa, dole hanyar ta zama mai wurin zama duk bayan ɗan taku, kuma a san inda banɗaki yake da wurin alwala. Sannan ina so ƙanwata ta riƙa bin rukunin mata don su saki jiki su yi tambaya.

Kawu zai tashi ran Talata, yace in rubuta masa sunayen wuraren a takarda zai nuna wa abokansa na masallaci masu niyyar umrar azumi. Gobe in sha Allahu zan koma ni kaɗai da agogo in auna minti nawa ne daga Bab Makka zuwa masallacin Shafi'i da tafiyar tsoho.