Na zana kantar littattafaina da salon Koriya

Minhwa zanen jama'ar Koriya ne tun zamanin daular Joseon, kuma yawancin masu yin sa ba su bar sunansu a jiki ba. Akwai damisa da tsuntsu, akwai furen moran na fatan arziki, sai chaekgeori, wato zanen littattafai da kayan ɗakin karatu. Shi wannan daga fada ya fito. Sarki Jeongjo, wanda ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800, ya sa an kafa masa irinsa a bayan karaga, daga baya ya bazu gidajen mutane. Chaekgeori na zaɓa da na shiga ajin koyon zanen a Seoul, don na ga masu zanen yanzu suna jera wayar hannu da jakar zamani kusa da tsofaffin littattafai, abin ya burge ni.

Malamarmu ba ta bar kowa ya taɓa launi ba sai da muka shirya takarda. Hanji ce, ta ɓawon itacen dak. A narka agyo, gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, a haɗa da alif, a shafe takardar don kada launi ya malale. Sannan a ɗora ta kan tsohon zane a bi layinsa da tawada. Kwafi a nan ba abin kunya ba ne, da shi kowa ke farawa.

Inda na fi daɗewa shi ne barim. Buroshi biyu za ka riƙe, ɗaya da launi, ɗaya da ruwa zalla. Ka sa ja a gindin fure, kafin ya bushe ka ja shi da mai ruwan har ya dusashe a baki. In ka yi jinkiri kaɗan, sai layi ya fito ya tsaya. Na fahimci cewa duk sabon abin da za ka saka, sai ya bi ta wannan hannun kafin ya zauna a zanen. Wayar da na yi wa barim ta shige cikin littattafan kamar da can tare aka zana su.

A kantata na sa allona na makarantar allo, da carbi, da tabarau, da cajar waya. Littattafan na bar su da faɗi ta baya, yadda tsofaffin masu zanen ke yi. Wata abokiyar karatuna ta ce in daidaita su, na ƙi, domin wannan karkacewar ce ta ja ni zuwa ajin tun farko.