Godiya ga mutanen Kaduna da suka tsaya mana

Assalamu alaikum. Yaba kyauta tukwici. A madadin 'yan ƙungiyarmu ta kiɗan rok, ina miƙa godiya ga duk wanda ya fito daren Asabar wajen ƙaddamar da kundin waƙoƙinmu na farko a Barnawa. Babu kamfani a bayanmu, babu ɗan siyasar da ya ɗauki nauyi. Kuɗin zaure da na janareta da hayar lasifika duk sun fito ne daga tikitin da kuka saya, da adashin da muka daɗe muna zubawa.

Na kusa da mu sun san an taɓa yi mana tayin kwantiragi. Sharaɗin shi ne mu ajiye jita, mu koma kiɗan kwamfuta irin na fina-finai, haƙƙin mallakar waƙoƙin kuma ya zama na kamfanin. Ba raina nanaye muke yi ba, da shi muka tashi. Amma mutum ya rubuta waƙa da hannunsa, sannan ya koma neman izini kafin ya rera ta a bikin ƙanwarsa? Wannan ne muka kasa haɗiyewa, muka ƙi sa hannu. Wasu sun ce kiɗan rok ba namu ba ne. Ai tun shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, matasan Nijeriya ke kaɗa shi, kuma ga maƙwabtanmu na Agadez sun kai jita har Turai da Amurka da harshensu. Mu ma da Hausa muke yi.

Godiya ta musamman ga Baba mai gyaran rediyo a Panteka. Ana jajibirin taro na'urar ƙara sautinmu ta ƙone, hankalin kowa ya tashi. Baba ya kwance murfinta, ya kai hanci ya shinshina, ya sa yatsa a kan inda ya yi baƙi. Ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya ciro abin da yake nema, ya liƙa da dalma yana hura hayaƙin gefe. Da muka miƙa kuɗi sai ya ture hannunmu ya ce, "Ku je ku yi abinku, 'ya'yana. Ku dai riƙe mutunci." Baba, duk ƙarar da aka ji a zauren nan aikin hannunka ne. Allah ya ƙara girma.

Mama, wadda ta bar mana garejinta a Unguwar Rimi muna gwaji, ba ta taɓa neman ko sisi ba, illa ta ce a tsayar da ganga idan an kira salla. Maƙwabtanta ma sun yi haƙuri da mu ƙwarai. Sai dattijon nan mai kalangu daga Tudun Wada, wanda ya yarda ya hau dandamali tare da sa'o'in jikokinsa. Lokacin da ya matse kalangun a hammata yana mayar wa jita amsa, wallahi tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne mutanen da na gani. Duk ɗan Kaduna ya san yadda rikicin shekarar 2000 ya sa kogi ya zama iyaka, wasu suka koma kudu, wasu arewa. A daren nan 'yan Kawo da Rigasa sun tsallako gada, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yan Sabon Tasha da Kakuri, suna amshi ɗaya. Masu Keke Napep da suka jira har aka tashi suka mayar da jama'a gida lafiya, ku ma mun gode.

Waƙoƙin suna Audiomack da YouTube, kuma mallakarmu ne gaba ɗaya. Kuɗin da ya rage za mu sayi tamu lasifikar, mu huta da haya. In Allah ya yarda, bayan ƙaramar salla sai Zariya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.