Injin markaɗen su Gwaggo

Jiya da la'asar na leƙa gidan gwaggona a Kurna, tun daga zaure ƙamshin gyaɗa ya tare ni. Mata shida ne a tsakar gida: wata na suya, wata na matsar mai, Gwaggo na murza ƙuliƙuli.

Bara war haka, wallahi, bashin garin tuwo take aika yaro ya karɓo. Wata ƙungiya ce ta haɗa su, ta ba su injin markaɗe bashi ba ruwa, suna biya kaɗan-kaɗan, kuɗin kuma a saya wa wasu matan nasu injin. Abin da ya fi burge ni, an koya musu raba jari da riba a littafi. Da can uwar kuɗin ake zubawa a tukunya.

Yanzu buhu suke sarowa daga Dawanau, sun bar awon kwano. Wuta ce dai ke ba su wahala.

Na ce, "Gwaggo, ya kasuwa?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan. Da gumina na biya kuɗin makarantar auta."

Ta ɗaure min ƙuli mai zafi a leda.