Guntun hanjin kwaɗo da ya ƙi kwanciya

Ranar da aka fara sa mu aikin hanjin kwaɗo a ɗakin gwaje-gwaje, na ɗauka da zarar an raba guntun hanji da jiki shi ke nan, ya zama tsumma. Malaminmu ya ɗaure shi da zare ya rataye cikin ruwan Ringer, ruwan gishirin nan da Sydney Ringer ya haɗa a Landan farkon shekarun 1880 don zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa a wajen jiki. Bakin zaren na sama kuma yana jan wata allura mai zane a takarda. Ba a jima ba sai ga allura tana hawa tana sauka. Babu ƙwaƙwalwa, babu laka, amma hanji na tsukewa yana saki abinsa. Na fi minti goma ina kallo ban rubuta komai ba.

Ashe hanji da jijiyoyinsa yake tafe. Bangonsa yana da tsoka hawa biyu, ɗaya ta zagaye shi kamar zobe, ɗaya ta bi tsawonsa, a tsakaninsu kuwa akwai ragar jijiyoyi da Leopold Auerbach ya bayyana a 1862. Ita ke tsara yadda bayan loma zai tsuke, gabanta ya saki, abinci ya gangara. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta masu sunan Cajal da ke riƙe da kiɗan motsin. Jijiyoyin da ke zuwa daga waje, wato wadda ake kira begas daga ƙwaƙwalwa da waɗanda ke fitowa daga laka, nasu dai su ƙara wuta ko su rage.

Wannan ma mun gani da ido. Muka ɗiga asetilkolin, sinadarin da jijiyar begas ke aika saƙo da shi, hanji ya ɗaure tamau, allura ta yi sama. Sinadarin nan shi ne wanda Otto Loewi ya gano alamarsa a 1921 da zukatan kwaɗi biyu. Muka wanke, muka sa atirofin, maganin da ke toshe aikin asetilkolin, muka sake ɗiga asetilkolin ɗin, sai allura ta yi ko oho. Adiranalin kuwa, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita, kwantar da hanjin ya yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyi. Kwaɗo ba ya riƙe ɗumin jikinsa, yanayi yake bi. Da muka sanyaya ruwan, motsin ya yi ta ja baya har na zaci ya mutu. Da ruwan ya sake yin ɗumi, sai allura ta sake ɗagawa a hankali.